Yadda Na Zuba wa Tekun Bature Kanwa

Tun da na dawo daga Lome ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a dakalin Alhaji Ɗan'asabe tela a nan unguwar Kwarbai ta Zariya, kafin in kai kofi baki wani zai ce, "Malam Tanimu, wai da gaske teku ba shi da ɗaya gaɓar?" Wani kuma ya ce, "Bar batun gaɓa, ba mu na kanwar nan." Na ba da labarin har ya fara canja kama a bakina. Shekaranjiya na ji kaina ina cewa kwana uku muka yi a kwalekwale, alhali ko azahar ba mu kai ba. Shi ya sa na ce gara in rubuta tun ƙarin bai fi asalin yawa ba. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, shi ma ban ƙarasa ba, don haka wanda ya ga harafi ya karkace ya miƙe shi da kansa.

Ni marini ne. Tun ina ƙarami nake bakin rami, ina jiƙa baba, ina zuba toka, ina juyawa da muciya. Mu ba mu da ma'auni sai harshe da yatsa. In ka ɗanɗana ruwan rami ka ji lami, toka ta yi kaɗan. In ka murza a yatsa ka ji santsi ya yi yawa, ka zarce. Abin da na iya ke nan a duniya, kuma ina taƙama da shi fiye da yadda ya kamata.

Ina da ƙane, Isiyaku, autanmu. Tun yana saurayi ya kama aikin kula da gida wurin wani Bature Bajamushe a Kaduna, da aka mai da Baturen zuwa Lome sai ya bi shi da iyalinsa. Wata ranar Talata wani direban motar goro ya kawo mini kaset daga wurinsa. Bayan gaisuwa mai tsawo, har da ta akuyar da ta mutu tuntuni, sai muryarsa ta sauka.

"Yaya, maigidana ya tafi ƙasarsu hutu, ya bar mini amanar wani ruwa, ruwan kuma yana lalacewa a hannuna. Akwai abubuwa masu rai a ciki waɗanda ya fi shekara goma yana reno. Shekara goma sha tara ban fasa masa ko kofi ba. In ya dawo ya tarar sun mutu, ko bai kore ni ba, ba ni da fuskar zama a gidan, ga yara shida. Saura sati uku ya dawo. Duk cikin waɗanda na sani, kai kaɗai ka san ruwa."

Na kai kaset ɗin dakali na kunna musu. Wurin "kai kaɗai ka san ruwa" sai da na mai da shi baya sau uku, wai don Alhaji ba ya ji sosai.

Maiɗakina Hajara ta ce, "Malam, kai da ko kogin Galma ba ka taɓa tsallakawa a kwalekwale ba, kai za a kira gyaran ruwan Bature?"

Na ce, "Ruwa ai ruwa ne."

Ta ce, "Allah ya tsare ruwan." Ta ɗaure mini dakuwa da kuka da daddawa, da ƙaton ƙullin kanwa ungurnu, tsarabar matar Isiyaku, don an ce can ƙasar ba a samun mai kyau. Na so in tafi da muciyata, amma ta fi rufin mota tsawo.

A tashar Kwangila na shiga bas mai zuwa Legas. Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wata Bayarabiya mai jiki, Iya Sikira, wadda ke fataucin atamfa tsakanin Lome da Zariya. A Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu 'yan birni. Ta dubi hannuwana, waɗanda shuni ya kama har gwiwar hannu, ta ce, "Baba marini, ina za ka da waɗannan hannuwa?"

Na ce, "Lome. An kira ni aiki."

"Ka taɓa fita ƙasar waje?"

"Na je Kano sau huɗu."

Ta yi dariya har kujera tana motsi, ta ce, "To ka riƙe gefen zanena har mu isa, kada a sayar da kai."

A Ilorin aka tsaya cin abinci. Iya ta sa aka kawo mini baƙin tuwonsu na garin doya da wata koriyar miya mai yauƙi. Mu nan muna ganin kuɓewa ita ce ƙarshen yauƙi, to wannan ta haife ta. Na yanko loma na tsoma, kafin ta kai baki ta sulluɓe ta koma kwano. Na sake, ta faɗa kan rigata. Mai abincin kuwa tana tsaye a kaina tana ta magana da ƙarfi. Na zaci kuɗi take nema, ashe cewa take in wanke hannu da kyau, kada in rina mata kwano. Iya ta gaya mata wannan launi ko kabari da shi za ni.

Mun kwana a Agege wurin wani mai masaukin baƙi Bahaushe, da safe muka kama hanyar iyaka. Abin da ya ba ni mamaki a Legas, mutum ba ya gaida mutum. Na yi wa mutane wajen goma sallama tsakanin masauki da tasha, ɗaya ne ya amsa, shi ma ɗan Funtuwa ne mai sayar da agogo.

A bakin iyaka na miƙa takarduna da katin rigakafi. Ma'aikacin ya miƙo hannu zai karɓa, ya ga nawa hannun, ya janye nasa. Ya kira wata mai farar riga. Ta sa safar hannu, ta jiƙa auduga da wani ruwa mai sanyi, ta shiga goge mini bayan hannu. Ta goge, ta duba audugar, ta duba ni. Ta sa na buɗe baki na zaro harshe. Harshen ma, saboda ɗanɗanar rami, ba shi da launin na mutane. Na ga sun fara nuna wani ɗaki da ke gefe, sai ga Iya ta iso da ɗaurin kaya a ka. Ta yi musu Faransanci da Yarabanci gauraye, ta ciro wani shuɗin ɗankwali ta ɗora kusa da hannuna. Mai farar rigar ta kwashe da dariya, ta kira 'yan'uwanta su zo su gani. Da aka zo binciken kaya kuma suka kwance ƙullin kanwa, wani ya ɓantari kaɗan ya lasa, ya yamutsa fuska, ya ce uwarsa da ita take dafa wake. Muka wuce.

Kwatano, babban garin ƙasar da muka shiga, garin babura ne. Mata ma suna tuƙawa, da goyo a baya. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ga tauri, mutum ya saya ya sa a hammata ya yi ta yawo da shi ba ko takarda. In an yi musafaha kuma sai an ja yatsan juna ya yi ƙara. Na gwada da wani dattijo, na kusa ɓalle masa ɗan yatsa.

Bayan mun tsallake iyaka ta biyu hanya ta bi gefen teku. Ba zan ɓata muku lokaci da kwatance ba, don ba ni da abin kwatantawa. Na dai tambayi Iya ina ɗaya gaɓar, ta ce sai an yi wata guda a jirgi. A raina na ce, Tanimu, ka ce ruwa ruwa ne.

Iya ta kai ni har ƙofar gidan Baturen kafin ta wuce kasuwa. Isiyaku ya fito ya rungume ni. Ya yi furfura, ya rame. Matarsa Hauwa ta kawo ruwa da abinci a ɗakunan ma'aikata da ke ƙuryar gidan, yara suka zo suka durƙusa, Hausarsu duk ta karye. Ko gama cin abinci ban yi ba ya ce, "Yaya, zo ka gani."

A falon Baturen akwai akwatin gilashi, tsawonsa ya fi gado, tsayinsa ya kai ƙirjina, cike da ruwan gishiri. Fitilu a sama, famfo yana gunji a ƙasa. Kifaye ƙanana suna kai da kawowa, wani rawaya, wani mai ratsin ja da fari. Akwai wani guda mai shuɗi, irin shuɗin da na shekara arba'in ina nema a rami ban samu ba. Na tsaya ina kallonsa, shi ko a jikinsa.

Isiyaku ya ce, "Ba kifin ne damuwar ba. Dubi duwatsun."

Duwatsu ne masu rassa kamar ƙahon barewa, wasu kamar ƙwaƙwalwar rago, wasu kamar tafin hannu. Ya ce murjani ke nan. Na ce murjanin da mata ke sawa a wuya? Ya ce danginsa ne, amma waɗannan suna da rai. Ƙananan halittu ne, suna gina wa kansu gida na dutse, a da in ka duba za ka gan su sun buɗe kamar furanni suna kaɗawa. Yanzu duk sun tsuke, launinsu ya dusashe.

Ya buɗe kabad da mabuɗin da ke rataye a wuyansa. Gwangwani uku ne, da ƙananan kwalabe, da takarda manne a jikin ƙofa. Gwangwani na ɗaya farin gari ne, sunansa kalsiyam, shi ne kamar tubalin ginin. Na biyu ɗan'uwan kanwa ne, shi ke ba ruwan ƙarfi, ya hana shi tsami, kuma da shi ake haɗa ginin. Na uku ya ce kayan ƙari ne kawai, ya ma ƙare. Ya ɗebi ruwa a 'yar kwalba yana ɗiga magani yana ƙirgawa har launi ya juya. Takarda ta ce ƙarfin ruwa ya zama ɗigo takwas, nasa biyar ya ba da.

Ya ce, "Kullum ƙarawa nake. Na haɗa na ɗaya da na biyu a bokiti in zuba, na ma ninka. Da safe sai in ga ya sake faɗuwa, ga farin ɓawo yana kama famfo."

Na sa yatsa na ɗanɗana. Bayan gishiri ban ji komai ba. Na murza, babu santsi ko kaɗan. Na gyaɗa kai irin na manya, na ce, "Na gane ciwonsa." Ban gane komai ba, amma ƙanena yana kallona da idon wanda ya ga likita.

Kashegari da hantsi Isiyaku ya tafi bakin teku sayo 'yan jatan lande da ake ba kifin. Na zauna ni kaɗai gaban akwatin ina tunani. Ruwa ya yi lami, ba shi da santsi, mai kula da shi da kansa ya ce ƙarfi ya rasa. A rami, maganin wannan ba ya wuce ɗaya. Kuma garin Bature da ake zubawa da cokalin shayi, ina zai kama ƙafar ungurnu? Na je wurin Hauwa na ce ta ara mini turmi. Ta ce, "Yaya, me za ka daka, ba ni in daka maka." Na ce aikin maza ne. Na ɓantari kanwa kamar dunƙulen hannuna, na daka, na jiƙa a kwano, na yi bisimilla na juye gaba ɗaya. Da yake babu muciya, na ɗauko sandar goge ƙasa na juya sau bakwai, yadda babanmu ya koya mini.

Ruwan ya fara da hazo-hazo. Na ce yana kamawa. Kafin in wanke kwanon ya koma kamar nonon da aka dama. Babu kifi, babu dutse, sai fari. Can sai kifin nan mai shuɗi ya zo jikin gilashi yana buɗe baki, ya juya ya ɓace.

Haka Isiyaku ya same ni, da sanda a hannu. Ya ajiye ledarsa a hankali. Ya dubi akwatin, ya dubi kwanon.

"Yaya, me ka zuba?"

"Kanwa. 'Yar kaɗan."

Bai zage ni ba. Ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, ya ce, "Da na sani da na bar su sun mutu a hankali. Ko ba komai zan ce ƙoƙarina ne ya gaza."

Na ajiye sandar na zauna kusa da shi. Girman kaina duk ya zube, sai da ya zube kuma abin da na sani na gaske ya fito. Na ce, "Isiyaku, ban san teku ba, wannan kam na yarda. Amma na sha cika wa rami toka ina yaro, na sha duka a kai. Ramin da aka zarce ba a ƙara masa komai don a gyara shi. Kwashewa ake a zuba sabon ruwa, a bar shi ya kwanta. Tashi."

Akwai duro guda na ruwan gishiri da Baturen ya haɗa ya ajiye. Muka zuƙe kashi ɗaya cikin uku na farin ruwan muka zuba wannan. Hauwa ta kawo tsofaffin zannuwa muka sa a bakin famfo suna tace farin. Zuwa la'asar an fara ganin inuwar kifi, amma duro ya ƙare, gishirin haɗawa ma babu.

Kukun gidan, wani ɗan ƙasar mai suna Kosi, gajere mai yawan dariya, shi ya ce, "Ga teku can kyauta, kuna neman gishirin gwangwani?" Isiyaku ya ce na bakin gaɓa da datti, Bature ya hana. Kosi ya ce surukinsa masunci ne, zai kai mu can ciki inda ruwa yake garau.

Isiyaku ya ce in zauna a gida. Na ce wanda ya ɓata shi zai ɗebo. Da sassafe muka je da jarkoki goma sha biyu. Masuntan nan ba sa tura kwalekwale sai da waƙa, mutum ashirin, kowa ya sa kafaɗa. Suka ɗaga ni kamar buhun gero suka jefa ciki. Igiyar ruwa ta farko da ta taso, na rantse ta kai rabin dutsen Kufena, ko da yake Isiyaku ya ce ba ta fi katangar gidanmu ba. Na rungume jarka, na karanta duk abin da na haddace, na koma na fara daga farko. Dakuwar Hajara da burodin Kwatano duk na mayar wa teku. Surukin Kosi yana ta buga bayana yana dariya, yana nuna wa abokansa hannuna, wai tsoro ne ya mai da ni shuɗi.

Amma da muka wuce inda ruwa ke fashewa sai ya lafa. Na leƙa ƙasa, ruwan ya yi wani irin shuɗi mai zurfi, ba baba ba toka. Na kwance rawanina aka ɗaura a bakin mazurari, da shi muka tace jarka goma sha biyun nan. Kwana uku muna zuwa. A rana ta uku har na taya su waƙa, ban san me nake cewa ba.

Ruwa ya washe, kifi ko ɗaya bai mutu ba. Sai dai wani reshen murjani, mafi tsawo a tsakiya, ya koma fari fat kamar ƙashi. Wannan ya tafi. Sauran suna nan a tsuke. Kuma da Isiyaku ya ci gaba da zuba garinsa, ɗigo ya sake fara sauka, takwas, bakwai, shida.

Abin da ya warware mana, cikina ne. Burodin ƙasar can ya ɗaure ni kwana huɗu. Kosi ya ce yana da magani, ya kawo mini wani gishiri mai ƙyalli a cikin kwalbar man shafawa, ya jiƙa mini cokali guda. Ɗaci kamar maɗaci. Na ce, "Wannan ai gishirin wankin ciki ne da ake ba mu a asibiti. Ina ka samo?"

Ya ce, "A gwangwanin maigida na uku, ranar da Isiyaku ya bar kabad a buɗe. Kifi ba ya ciwon ciki. Ni da mai gadi da mutanen unguwarmu duk shi muke sha."

Isiyaku ya dafe kai. Muka koma ga takardar jikin kabad, ya bi ta layi-layi da yatsa, har can ƙasa inda bai taɓa kulawa ba. Sunan gishirin maganiziyam. Bature ya rubuta cewa in ya yi ƙasa, na ɗaya da na biyu ba sa zama a ruwa, sai su kama juna su zama dutse su faɗi, murjani bai samu ko ɗaya ba. Ya kuma ja layi biyu a ƙarƙashin cewa kada a taɓa haɗa su a mazubi ɗaya.

Na ce, "To ai ni da Alhaji Ɗan'asabe ke nan. In Liman yana zaune a tsakaninmu sai mu yini muna hira. Ya tashi alwala, mun kama wuyan juna."

Isiyaku ya yi dariya, karo na farko tun zuwana. Ni kuwa ban samu damar tayawa ba, don maganin Kosi ya fara aiki.

Aka sayo gishirin a kemis. Saura a san yadda za a raba su kada su haɗu. Isiyaku ya ce agogonsa ba ya tafiya daidai. Na ce muna da agogon da ba ya ɓata. Mai ɗaci bayan sallar asuba, cokali biyu, ba ƙari, har sai ya cika a hankali. Ɗan'uwan kanwa bayan azahar, a jiƙa shi sosai a ɗiga a bakin famfo. Kalsiyam sai bayan magariba. Kowane da kofinsa da cokalinsa. Awo kuma kullum da hantsi, kafin a taɓa komai. Ni aikina shi ne in zauna a kujera da hannuwana a ƙarƙashin cinya, in na ga Isiyaku zai ƙara rabin cokali don zumuɗi in ce, "Bar shi ya kwanta."

Kwana biyar ɗigo yana bakwai. Rana ta shida ya hau takwas ya zauna. Rana ta tara ina alwala sai na ji Isiyaku yana kira, "Yaya, Yaya, zo." Na shigo da ƙafa ɗaya a jiƙe. Dutsen nan mai kama da ƙwaƙwalwa ya kumbura ya yi kore, na gefensa ya fito da 'yan yatsu sirara suna kaɗawa. Hauwa ta zo da ludayi a hannu, Kosi ya zo, mai gadi ya bar ƙofa. Muka tsaya mu biyar, manya da mu, muna yi wa dutse barka.

Baturen ya dawo ranar Lahadi. Dogo ne, mai sanƙo, yana jin Hausar Kaduna irin ta 'yan kwangila. Ko takalmi bai cire ba ya nufi akwatin. Ya daɗe yana kallo. Ya karɓi mabuɗi daga wuyan Isiyaku, ya buɗe kabad, ya yi awon ruwan da kansa. Sannan ya naɗe hannun riga ya ciro farin reshen, ya ɗora a tebur.

"Wannan shekara takwas. Me ya faru?"

Isiyaku ya fara, "Maigida, laifina ne, ni na..."

Na ce, "Ƙarya yake, ranka ya daɗe. Ni ne. Ni wansa ne, marini daga Zariya. Shi kuskurensa na cokali ne, nawa na turmi." Na kwashe komai na gaya masa, har sandar goge ƙasa. Na bar batun Kosi kawai, don yana bayan labule yana roƙona da ido.

Baturen ya ce, "Kanwa nawa?"

Na dunƙule hannu na nuna masa.

Ya dubi hannun, ya dubi akwatin, ya ce, "Kuma kifi bai mutu ba." Ya tambayi yadda muka yi, Isiyaku ya ba shi labarin kwalekwale da na lokutan salla. Ya ɗauki reshen ya ce mu biyo shi. Zuciyata ta ce ofishin 'yan sanda za mu. Sito ya kai mu. Ya jawo wani kwali ya buɗe, cike da fararen rassa irin wannan, sun fi talatin.

Ya ce, "Waɗannan duka ni na kashe. Ni da karatuna." Ya ciro biro ya miƙo mini tare da reshen. "Rubuta sunanka a gindi. Kowa da nasa."

Na rubuta Tanimu, harafin ƙarshe ya hau kan na kusa da shi. Ya sa a kwalin ya rufe. Da muka koma falo ya ɗauko sabuwar takarda ya ce Isiyaku ya faɗa masa tsarin nan, asuba, azahar, magariba, ya rubuta ya manna a kan tsohuwar. Sannan ya rataya masa mabuɗin a wuya da hannunsa, ya ce yunwa yake ji.

Na ƙara kwana biyu, na ci kifin da ban san sunansa ba, Hauwa ta haɗa mini tsarabar sabulu da man ja. Isiyaku ya raka ni tasha, ya saka mini kaya, ya tsaya jikin taga yana riƙe da hannuna.

Na ce, "To auta, in ruwa ya sake lalacewa ka san inda nake."

Ya ce, "In ya lalace, Yaya, ba za ka ji ba. In yana lafiya zan aiko ka zo ka gani."

"Ashe dai ana bukatata."

"Ana bukatarka," in ji shi. "Daga bakin ƙofa."